Cen bulok a reshen mangwaro, ko dai a haɗa masa ƙarfe?

Bakaniken Kwangila:
Assalamu alaikum ƴan zaure. Don Allah shawara nake nema wajen manya da masu ilimin abin. Gareji na na manyan motoci ne, DAF da MAN da tifofi, kuma tun da na gaji wurin da cen bulok, wato na'urar ɗaga kaya ta sarƙa da ake ja da hannu, muke sauke inji, a rataye a reshen wani mangwaro da ke tsakiyar fili. To yanzu mai filin zai sare bishiyar zai yi shaguna ta wannan ɓangaren. Wasu sun ce in sa a haɗa min ƙarfe mai ƙafa biyu da gada a sama da taya a ƙasa, irin wanda ake turawa har kan mota, wasu sun ce asarar kuɗi ne in kafa bututu uku kawai in rataya abina, wani kuma ya ce ai ina da yara goma sha a gareji me zan yi da ƙarfe. Wanne ya fi?

Baba Mai Gingimari:
Wa alaikumussalam. Ɗana, mu da muka koyi aiki a Dan Magaji nan Zariya tun ana yayin motocin Bedford da Marsandi 911 ba mu san wata gada ba. Ƙafa uku, cen bulok, yara huɗu masu jini a jika, shi ke nan an sauke inji an mayar. Kar ka bari ƴan boko su cinye maka jari.

Mai Walda na Muchiya:
Baba Allah ya ƙara girma, amma wannan karon ba ƴan boko ba ne, mu ne masu walda za mu ci kuɗin 😂

Shugaban Zaure:
Injiniya kana kusa? Wannan taka ce.

Injiniyan Samaru:
Ina nan ranka ya daɗe. Oga Kwangila kafin a yi maganar wanne ya fi, fara gaya mana mene ne mafi nauyi da kake ɗagawa, kuma nawa aka rubuta a jikin cen bulok ɗin naka. Akwai wani ɗan faranti a jikinsa ko rubutu da aka buga a ƙugiya, za ka ga WLL ko SWL sai lamba, tan 1, tan 2, tan 3, wannan shi ne iyakar abin da masu ƙera shi suka yarda ya ɗauka.

Bakaniken Kwangila:
Farantin ya daɗe da cirewa wlh, amma wanda na gada a wajensa ya ce tan uku ne. Mafi nauyi injin DAF, wani lokaci da giyabos ɗinsa a haɗe in muna sauri.

Injiniyan Samaru:
To ka ga inda matsalar take farawa. Injin tirela shi kaɗai yana kusan tan ɗaya, wani ya ɗan haura, giyabos ɗin kuma ya ƙara maka kamar kilo 300, in da mai da ruwa a ciki ya ƙaru. In da gaske cen bulok ɗinka tan uku ne to yana da sarari, amma “an ce” ne kawai muke da shi. Kuma abin da nake so kowa a zauren nan ya riƙe, cen bulok ba shi ne yake riƙe da injin ba, abin da aka rataye shi a jiki ne yake riƙe da komai, cen bulok ɗin da injin da sarƙa duka. Ka sayi sabo fil mai tan biyar ka rataya a reshen da zai iya tan ɗaya, abin da kake da shi tan ɗaya ne. Reshe kuma ba wanda zai iya gaya maka ƙarfinsa, gara tana cin cikinsa waje yana nan kore shar, ga sarƙar da ta shekara tana cin ɓawonsa a wuri ɗaya. Ni a ganina mai filin nan taimakonka ya yi bai sani ba.

Baba Mai Gingimari:
Shekara nawa mangwaron nan yana aiki bai karye ba? Tsautsayi in ya zo ko a kan katifa kake sai ya same ka.

Anti Nas:
Baba ina wuni. Gaskiya ne tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma ai an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Ni ba ma faɗowar inji ce ta fi damuna ba, ita wannan sau ɗaya take faruwa kowa ya ji labari a yi jaje. Wanda ba a jin labarinsa shi ne yaran nan huɗu masu jini a jika da Baba ya ambata. Su ne suke zuwa mana asibiti suna da shekara talatin da ɗoriya baya ya riƙe, ciwo yana sauka ta ɗuwawu har tafin ƙafa, wani ƙafar tana masa dindiris ba ya jin ta sosai. Tsakanin ƙasusuwan gadon baya akwai wani guringuntsi mai taushi da yake raba su, in mutum ya duƙa ya ɗauki nauyi kuma ya murɗa jiki da nauyin a hannu, shi ake matsewa, yau kaɗan gobe kaɗan, wata rana ya bullo ya danne jijiya. Ga ƙaba, ga yatsun da ake datsewa. Mutum ba ya haɗa ciwon da aikin sai ya ce sanyi ne ko basir, ya yi ta shan jiƙo da ƙwayoyin kashe zafi har su taɓa masa ciki.

Ɗalibin Poli:
Anti ta faɗi gaskiya. A aji an nuna mana lissafin wata cibiyar Amurka mai binciken lafiyar ma'aikata, NIOSH, su a wajensu kilo 23 ne iyakar da suka sa, shi ma in komai ya daidaita, kaya na kusa da jiki, a daidai tsayin ƙugu, ba murɗawa, ba yawan maimaitawa. In ɗaya ya ɓaci lambar sauka take yi. Mu kuma buhun siminti kilo 50 ne, na masara 100.

Na Dako Sabon Gari:
Kilo 23 😂😂 Ɗan makaranta in muka bi wannan ai sai a rufe kasuwar Sabon Gari da ta Tudun Wada rana ɗaya. Ni tambaya ta daban ce kuma ina so a amsa min tsakani da Allah. Duk wannan ƙugiya da injin ɗaga kaya da kuke yabo, in kowane mai sito ya saka, mu ina za mu? Buhun da kuke tausaya mana a kai shi ne abincin gidanmu. Baya na yana ciwo, eh, amma ciwon baya da kuɗin cefane ya fi lafiyar baya da yunwa.

Shugaban Zaure:
Wannan tambaya ce mai nauyi, kar a tsallake ta.

Hajiya Mai Injin Niƙa:
Bari in amsa masa da abin da na gani a wurina, ba da ilimi ba. Ina da injin casa da na niƙa, kuma bakin da ake zuba hatsi yana sama, sai an hau matakala da buhu a ka. Da yaran da suke min wannan aikin ba sa daɗewa, wata biyu uku sun gudu, kuma daga azahar aiki ya ragu don sun gaji, injin yana ta cin gas a banza yana jiran buhu. Na sa aka kafa min ƙarfe ɗaya a tsaye mai hannu da yake juyawa, aka rataya ƙaramin cen bulok. Ban sallami kowa ba malam Na Dako, yaran nan dai su ne, ɗaya yana ɗaurewa a ƙasa ɗaya yana ja ɗaya yana kwancewa a sama. Bambancin kawai aikin da muke kaiwa magariba yanzu la'asar mun share wuri, sai na fara karɓar aikin da da nake mayarwa. Kuma har yanzu daga mota zuwa cikin sito ku ne, ƙugiya ta ba ta zuwa bakin titi.

Na Dako Sabon Gari:
Hajiya ke mai tsoron Allah ce shi ya sa. Wani in ya ga mutum uku suna aikin mutum shida, uku zai kora ba aiki zai ƙaro ba.

Injiniyan Samaru:
Ba zan ce maka ƙarya kake ba, hakan na faruwa. A manyan kamfanoni inda ake sa fokilif da ƙugiyar lantarki hannu yana raguwa, wannan ba a ɓoye yake ba. Amma abin da muke magana a kai a gareji da shagon walda daban ne, kaya ne da asali bai kamata a ce mutum ya ɗauka ba. Farantin ƙarfe mai ƙafa 8 da ƙafa 4 kauri milimita 10 ya haura kilo 230. Duro cike da baƙin mai yana kusan kilo 200. Ba aikin wani ake ƙwacewa ba in an ɗaga waɗannan da sarƙa, yara ake tarawa su shida su bar abin da suke yi, a yi ta “ɗaya biyu uku”, ɗaya ya saki kafin saura, nauyin ya koma kan wanda ya fi ƙanƙanta. Na buhu kuwa maganarka tana nan, ban da amsar da za ta gamsar da kai.

Mai Walda na Muchiya:
To mu dawo kan Oga Kwangila. Ƙafa uku da Baba ya ce tana aiki, ba na musu, kuma ta fi araha nesa ba kusa ba. Illarta biyu. Na farko sama da ƙasa kawai take yi, in ka ɗaga inji sai dai a tura motar baya a fitar da ita daga ƙarƙashi, ko a yi ta jan injin gefe da igiya, kuma jan gefe shi ne yake kifar da ita. Na biyu ƙafafun suna buɗewa in ƙasa ta yi laushi, musamman da damina, dole a ɗaure su da sarƙa ta ƙasa a sa falanki mai kauri ƙarƙashin kowace. Mai gadar kuwa in aka sa mata ƴar taya a jikin ƙarfen sama, ka ɗaga inji ka gangara da shi gefe ka sauke a kan benci, mutum biyu sun isa.

Bakaniken Kwangila:
Ita nake so gaskiya. Akwai wani ƙarfen H da na gani a wajen masu gwangwan, dogo ne zai kai mita shida, na ce ko shi za a yi gadar da shi yadda tirela za ta shige ƙarƙashi a sake.

Injiniyan Samaru:
A nan nake so ka tsaya. Tsawo ba kyauta ba ne. Ƙarfe ɗaya, in ka ninka tazarar da ke tsakanin ƙafafunsa, nauyin da zai iya ɗauka a tsakiya rabi yake komawa, lanƙwasawar da zai yi da kaya iri ɗaya kuma sau takwas take ƙaruwa. Wato wanda ya ɗauki tan biyu a mita uku, a mita shida tan ɗaya ne, kuma dogon ƙarfe siriri ba ƙasa kawai yake lanƙwasawa ba, yana iya murɗewa gefe ya kwanta. Faɗin tirela wajen mita biyu da rabi ne, mita huɗu ta ishe ka har da wurin tsayawa. Sannan ƙarfen gwangwan sai an duba shi da kyau, tsatsa ta ci kaurinsa ko a'a, an taɓa yanka shi an haɗa ko a'a, ya taɓa shiga gobara ko a'a. Ka auna min tsayinsa da faɗin leɓensa da kaurinsa ka turo, lissafin ba ya cin minti goma, ba zan karɓi ko sisi ba.

Mai Walda na Muchiya:
Injiniya ka ƙara da maganar tayoyi. Mutane suna kashe kuɗi a ƙarfen sama sai su zo ƙasa su sa tayar baro ko ta gadon asibiti. Ita ma taya tana da nauyin da aka yi ta dominsa, kuma garejinmu ƙasa ce ba siminti ba, taya ɗaya ta faɗa rami da inji a sama shi ke nan. Ni shawarata in ba zai zuba kankare ba to a kafa ƙafafun a ƙasa dindindin, motar ta riƙa zuwa wajen ƙarfen.

Baba Mai Gingimari:
Kankare a filin haya? Gobe mai fili ya ce tashi fa?

Mai Walda na Muchiya:
Nan kam Baba ka kama ni. To a yi ta da noti da bol maimakon walda a mahaɗa, ranar tashi a kwance a loda a mota. Ƙafafun a zauna da su kan faranti masu faɗi.

Ɗalibin Poli:
Tambaya Injiniya, me ya sa ba za a sa na lantarki ba kawai? Danna maɓalli ya fi jan sarƙa sauri ai.

Hajiya Mai Injin Niƙa:
Da wace wutar ɗana? 😅

Injiniyan Samaru:
Hajiya ta gama magana. Manyansu ma yawanci wuta mai layi uku suke so. Na lantarki yana da amfani inda ake ɗagawa sau da yawa a awa ɗaya, kamar masana'antun Chikaji da Dakace, can jan hannu ɓata lokaci ne. Bakanike kuwa inji ɗaya ko biyu zai sauke a yini, kuma a hankali yake so abin ya sauka don ya daidaita ramukan bol, na hannu ya fi masa. Wani abu kuma, cen bulok na hannu yana gaya maka gaskiya. An ƙera shi ne yadda mutum ɗaya zai ja da ƙarfin da bai wuce wajen kilo 30 zuwa 40 ba ya ɗaga cikakken nauyin da aka rubuta. Duk ranar da ka ga sai yara biyu sun rataya a sarƙar ja kafin ta motsa, to ko kayan sun fi ƙarfinsa, ko wani bol bai kwance ba injin yana riƙe da jikin mota, ko cikinsa ya lalace. A tsaya a duba, kar a ƙaro yaro na uku.

Bakaniken Kwangila:
Wannan na bol ɗin da bai kwance ba yana faruwa sosai wlh, sai ka ga gaban mota yana ɗagowa.

Mai Walda na Muchiya:
Tunda an zo nan bari in roƙi ƴan uwana makanikai abu ɗaya. Don girman Allah ku daina kawo mana sarƙar cen bulok ta tsinke ku ce a ɗinke da walda. Ina mayar da mutane suna jin haushi suna zuwa shago na gaba a yi musu. Sarƙar ɗaga kaya ba irin ta ɗaure ƙofa ko ta rijiya ba ce, ƙarfe ne na musamman da aka gasa aka daidaita taurinsa, in ka duba jikin zoben za ka ga an buga 8 ko 80 ko harafin T. Wutar walda tana taɓa ta wannan gashin ya lalace, wurin ya yi gautsi, kuma ba zai nuna maka ba sai da kaya a sama. Haka masu haɗa zobe biyu da bol, haka masu ƙulla sarƙa kamar igiya don ta gajarta.

Baba Mai Gingimari:
Wannan kam gaskiya ne, ko maigidana Allah ya jiƙansa ba ya yarda a ɗinke sarƙa. Kuma kullum da safe sai ya bi ta zobe zobe da hannunsa kafin a rataya komai. Ba duk abin da muka yi a da ba ne jahilci.

Injiniyan Samaru:
Ko kaɗan Baba, abin da maigidanka yake yi shi ne littafi ya ce a yi. A bi sarƙa a ga ko wani zobe ya miƙe ya fi saura tsawo, ko ya cinye a inda suke gogar juna, ko ya murɗe. A duba ƙugiya, in bakinta ya buɗe ya fi yadda yake to an taɓa yi mata lodin da ya fi ƙarfinta, ba a mayar da ita da guduma, canzawa ake yi. Ɗan marfin bakin ƙugiya mai sifirin da yara suke cirewa wai yana ɓata musu lokaci, shi yake hana sarƙa zamewa in kaya ya taɓa ƙasa ta saki. Sai burki, a ɗaga kaya kamar taƙi ɗaya daga ƙasa a saki a tsaya a gani, in yana zamewa ko kaɗan a sauke. Sarƙa tana son mai, amma faifan burkin da ke ciki ba ya so, masu juye baƙin mai a cikin kan cen bulok gaba ɗaya su kula.

Akwai kuma abin da ko tsofaffin hannu suna mantawa, yadda ake ɗaura sarƙa a jikin injin. In ka ɗaura ta gefe biyu ta haɗu a ƙugiya, iya buɗewar da ta yi iya nauyin da kowane gefe yake ji. In ƙafafun sarƙar biyu sun tsaya kusan a miƙe kowacce rabi take ɗauka. In suka buɗe digiri 90 kowacce tana jin kusan kashi 70 cikin 100 na nauyin. In suka kai 120 kowacce tana jin nauyin gaba ɗaya, inji tan ɗaya amma kowane gefe tan ɗaya yake ja. Shi ya sa gajeriyar sarƙa da aka ja ta kwanta a kan inji ta fi doguwa hatsari, kuma ita ce take tsinke ƙananan bol ɗin da ake ɗaurawa a kai.

Ɗalibin Poli:
Wannan lissafin mun yi shi a aji amma sai yau na ga inda yake aiki.

Anti Nas:
Ni dai ku ƙara da cewa kar kowa ya shiga ƙarƙashi. Ina wucewa gareji ina ganin inji yana lilo a sama yaro yana kwance a ƙasa yana kwance bol ɗin kasko. Raunin ɗaukar kaya a baya a hankali yake zuwa, na wannan kuwa in ya zo sau da yawa ko asibitin Shika ba a kaiwa.

Injiniyan Samaru:
Shi ne abin da ya sa ban cika son a ce “sayi cen bulok ka huta” ba. Ka cire nauyi daga bayan yaro ka mayar da shi saman kansa, in ba a canza ɗabi'a ba hatsarin ma ya fi na da muni. Abin da aka rataya ba a aiki a ƙarƙashinsa, a sauke shi kan benci ko katako tukuna. Ba a barin kaya a sama a tafi sallah ko cin abinci. Mutum ɗaya ne yake ba da umarni, ba kowa ya yi ta ihun “ja” da “saki” ba. In ana so a juya inji a ɗaura masa igiya a ja daga nesa, ba a sa hannu tsakaninsa da bodi ba. Ku tuna ƙugiyar da ta faɗo a Harami a watan Satumba na 2015, ranar Juma'a ana iska da ruwa, mutum sama da 100 suka rasu har da alhazanmu na Najeriya. Na'ura ce ta zamani ta kamfani babba, girman na'ura da tsadarta ba su hana ba.

Baba Mai Gingimari:
Allah ya jiƙansu. Amma ka ga ka dawo magana ta, ƙarfen ma yana faɗuwa.

Injiniyan Samaru:
Yana faɗuwa Baba. Bambancinsa da reshe shi ne ana iya lissafa shi, a gwada shi, a rubuta masa iyaka. In an gama haɗawa ana ɗora masa nauyin gwaji da ya ɗan haura wanda zai riƙa ɗauka, yawanci ƙarin kashi 25 cikin 100, a ɗaga kaɗan daga ƙasa kowa ya ja baya, a duba walda da mahaɗai, sannan a rubuta iyakar da fenti babba a jikin gadar yadda ko sabon yaro zai gani.

Shugaban Zaure:
Wai akwai doka a kan wannan a ƙasar nan ko kowa gaban kansa yake yi?

Injiniyan Samaru:
Akwai ranka ya daɗe. Dokar masana'antu ta 1987 ta yi maganar sarƙoƙi da igiyoyi da na'urorin ɗaga kaya, a gwada su, a rubuta nauyin da za su iya, a riƙa duba su lokaci lokaci, kuma masu duba masana'antu na ma'aikatar ƙwadago ta tarayya ne da alhakin bi. A Ingila dokarsu ta 1998 ta sa duk wata 6 a duba sarƙa da ƙugiya da majanyin ɗaure kaya, ita na'urar kanta duk wata 12, wannan ma'auni ne mai kyau ko mutum shi kaɗai zai bi. Sannan akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 wadda hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF take riƙe da ita, mai aiki yana zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya, in ma'aikaci ya ji rauni a bakin aiki asusun ya ɗauki nauyi.

Na Dako Sabon Gari:
Albashi 😂 Injiniya wane albashi yaron gareji yake da shi? Kuɗin abinci ne da na sabulu. Mu kuma ko maigida ba mu da shi, wanda ya kira ka shi ne ogan wannan awar. In ka karye sai dai ƴan uwa su yi karo karo a kai ka wajen mai ɗori.

Hajiya Mai Injin Niƙa:
Shi ya sa nauyin yake wuyan mu masu wurin. Iyayen yaran nan amana suka ba mu, in wani abu ya same su ba hukuma ce za ta zo ba, uwar yaron ce za ta zo ta tsaya a ƙofa.

Bakaniken Kwangila:
Na gode ƙwarai jama'a. Abin da na tsayar, gada mita huɗu mai noti da bol, ba taya a ƙasa, in ƙarfen ya ci jarabawar Injiniya. Cen bulok ɗin ne ban san yadda zan yi da shi ba tunda ba faranti, kuɗin ƙarfe da na sabo a lokaci ɗaya zai min yawa.

Mai Walda na Muchiya:
Duba jikin ƙugiyar ta sama da ta ƙasa ka goge da burushin waya, sau da yawa an buga lambar a nan. In za ka saya kuma ka yi hankali da masu sheƙin fenti marasa suna, araha ba ta ado. Tsohon na Beljiyam mai faranti da lamba wanda sarƙarsa ba ta ci ba ya fi min su, ana samu a Panteka a Kaduna ko Kofar Ruwa a Kano, amma ka tafi da wanda ya san abin ya buɗe murfin ya ga burki da haƙoran giya kafin ka biya.

Baba Mai Gingimari:
Ko ku haɗa kuɗi ku uku da maƙwabtanka ku sayi babba ɗaya, ai ba kullum kowa yake sauke inji ba. Haka muka yi a da.

Hajiya Mai Injin Niƙa:
Baba kayan haɗaka ai shi ne marar mai dubawa, kowa ya ɗauka ya yi lodi ya mayar, ranar da ya lalace kowa ya ce ba a hannunsa ba ne.

Baba Mai Gingimari:
Sai a ajiye shi wajen mutum ɗaya, mai ɗauka ya biya wani abu, kuɗin ya zama na gyara. Ni zan iya riƙe musu ma in sun yarda.

Mai Walda na Muchiya:
Baba da ya ce kar a kashe kuɗi yanzu shi ne ma'aji 😂

Injiniyan Samaru:
Oga Kwangila awon nan da tef za ka yi shi ba da ido ba, kuma kaurin ka auna a inda tsatsa ta fi ci, ba a inda ya fi kyau ba. Ka ɗauko hoton ƙarshen ƙarfen ta inda aka yanka da na duk wurin da ka ga alamar tsohuwar walda.

Bakaniken Kwangila:
In sha Allah gobe bayan azahar zan leƙa wajen masu gwangwan ɗin, in ba a riga ni saye ba.